Jinin da ya ƙi daskarewa: kwana biyu a Kaltungo

Shekara 11 ke nan ina aikin gwajin jini a Kano, kuma ba abin da ke ba ni haushi kamar jini ya daskare mini a kwalba kafin in gama da shi. Da wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda ke aiki a asibitin sarar maciji na Kaltungo, ya ce in zo in ga inda ake tasa jini a gaba ana roƙon Allah ya daskare, sai na nemi hutu na kama hanya. Ƙarshen Oktoba ne, ana tsakiyar kaka.

Mun bar Kano bayan asuba, muka bi Wudil, Birnin Kudu, Kari, Darazo, muka haye gadar Gongola muka faɗa Dukku. Ba abin faɗa a wannan ɓangaren sai ramuka da ciwon baya. A Gombe na sauya mota zuwa hanyar Yola, kuma a nan hira ta yi daɗi. Wata dattijuwa da ke gefena ta ji inda za ni, ta dube ni sama da ƙasa tana neman inda na kumbura.

"Ɗana, igiyar ƙasa ce ta taɓa wani naka?"

Na ce a'a Inna, gani kawai za ni yi. Ta ce to Allah ya sa in tsaya a ganin. Ba ta yarda ta kama sunan maciji ba har muka rabu a Billiri, sai dai ta ce "gobe da nisa", wato kububuwa.

Daga Kumo ƙasa ta fara sauyawa, bayan Billiri kuwa duwatsu suka taso sosai, gonakin dawa da gyaɗa a gindinsu. Duk wanda ya ga tarin duwatsun nan da ciyawar da ke tsakaninsu ya san me ya sa kububuwa ta mai da ƙasar Tangale gida. Abin mamaki, da abokina ya nuna mini wata da aka kashe aka zo da ita a leda, ba ta kai tsawon hannuna ba. Siririya, ruwan ƙasa da ɗige-ɗige. Da a gona na gan ta, da na ce kara ne.

Asibitin sarar maciji na Kaltungo da can ɗaki ne a cikin babban asibitin garin, daga baya aka ware shi. Mutane na zuwa daga Gombe, Adamawa, Taraba, Bauchi, har da Borno. Galibinsu manoma ne da makiyaya, kuma kusan kowa a ƙafa ne ko a hannu.

Bayan la'asar aka shigo da wani yaro Bafulatani a kan babur, bai fi shekara 14 ba. Da safe aka sare shi a idon sawu yana kiwo. Ƙafar ta kumbura zuwa ƙauri, an yi mata tsaga uku an shafa wani baƙin gari, amma yaron garau yake, har yana kallon wayata. Mahaifinsa ya ce shi dai a ba su maganin kumburi su koma, shanu na daji ba mai dubawa.

Abokina bai yi musu da shi ba. Ya ɗebi jinin yaron kamar rabin ƙaramin cokali, mililita 2, ya zuba a sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, ya jingine ta a kan tebur ya dubi agogo.

"Baffa, ba mu minti 20."

Muka zauna. Ana cikin jira ya ce wa yaron ya buɗe baki, ya ɗaga leɓensa na sama. Jini na tsattsafowa daga dasashi, siriri, kamar wanda ya goge baki da asuwaki mai tauri. Tsagar da aka yi tun hantsi ma ba ta daina ɗiga ba. Da lokaci ya cika ya karkata kwalbar a gaban dattijon. Jinin ya gangaro kamar zoɓo. Ni da nake ganin jini kullum, sai da tsigar jikina ta tashi, domin jinin mai lafiya a wannan lokacin ya zama guda, ko ka kifa kwalbar ba zai zubo ba.

Dattijon ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa ya ce, "Likita, yi abin da ka gani."

Wannan gwajin da ba ya bukatar lantarki a ƙasarmu aka daidaita shi. David Warrell, likitan Ingila da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a shekarun 1970 daga nazarin waɗanda kububuwa ta sara, yau kuma ana amfani da shi har Asiya. Sharaɗinsa gilashi: a roba jini ba ya daskarewa yadda ya kamata, kwalbar da aka wanke da sabulu ma tana iya yi maka ƙarya. Dafin kububuwa kuwa wayo gare shi. Yana tayar da sinadaran daskarar da jini gaba ɗaya har su ƙare, a lokaci guda yana cin bangon ƙananan jijiyoyi. Sai mutum ya zama tulu mai tsaguwa ba abin liƙewa. Yana iya kwana biyu yana hira, jini na zuba a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Idan ba makari, cikin mutum 10 ɗaya ko biyu kan rasu.

Aka ɗaura wa yaron makarin ta jijiya, ma'aikaciyar jinya na tsaye da allurar ko-ta-kwana saboda wasu jikinsu kan yi borin maganin. Makarin nan ma da Kaltungo a tarihinsa. An kwashi macizan Najeriya zuwa Libaful aka tatsi dafinsu, aka yi EchiTAb-G daga jinin tumaki a Birtaniya, da EchiTAb-Plus daga jinin dawaki a Kosta Rika. A nan aka gwada su a kan mutum 400, sakamakon ya fito a 2010: cikin awa 6 jini ya dawo daskarewa ga kashi 83 cikin 100 na masu EchiTAb-Plus, da kusan kashi 76 na masu ɗayan. Na tambayi abokina me ya sa ba a sayen kowane makari a kasuwa. Ya ba ni labarin wani asibitin karkara a Ghana da aka sauya masa makari da wanda aka yi da dafin macizan Indiya, mace-mace suka tashi daga ƙasa da kashi 2 zuwa kashi 12. Kwalba iri ɗaya a ido, aiki daban.

Washegari na taya su awon yawan jini. Akwai wata matar aure da ta yi kwana huɗu a gida ana jiƙe-jiƙe kafin a kawo ta. Tafin hannunta fari fat, na riƙe wuyan hannunta na ji bugun na sauri amma ba ƙarfi, kamar na ɗan tsako. Zuciyar tana ta fama ne da ɗan jinin da ya rage. Likitocin Kano, ciki har da Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero, sun taɓa bin marasa lafiya a nan da na'urar zana bugun zuciya, suka wallafa a 2012 cewa da yawansu zanen na nuna sauyi. Ita matar nan kuwa, makari kaɗai bai ishe ta ba, sai da ƙannenta biyu suka ba da jini.

Ina ganin abin kunya ne a ce sai 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da sarar maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, jeri ɗaya da kuturta, alhali tana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara. Ciwon mai tafiya ba takalmi ne, shi ya sa.

Kafin in wuce tasha na leƙa gadon yaron. An sake gwaji da dare, bayan awa 6, an kuma maimaita da safe. Mahaifinsa ya roƙi a bar masa kwalbar ƙarshe, tana naɗe a gefen rawaninsa. Ya warware ya kifa ta a gabana, gudan jinin ya tsaya cak a gindinta. Ya tambaye ni ko a Gombe ana samun dogon takalmin roba daidai ƙafar yaro, da kuma nawa ne.