Kwat ɗin da tela ya ɗinka mini

Na daɗe ina sayen kwat ɗinkakke, kullum sai kafaɗar rigar ta zarce tawa. Bana na je wurin tela. Da yana auna ni, ya lura kafaɗata ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, abin da ban taɓa sani ba.

Na zaɓi yadin ulu ruwan toka, don ba ya saurin yamutsewa. Sau biyu na koma gwaji, yana sa alama da alli. A kafaɗa ya fi daɗewa, domin ita ce mai wuyar gyara bayan an gama ɗinki. Ranar karɓa na ɗaga hannu sama, wuyan rigar ko motsi bai yi ba.