Kwano biyu na ƙwayoyin halitta

Alhamis, Jidda.

Ina idar da sallar asuba na wuce ɗakin gwaji, don na ƙagu in ga abin da na shuka jiya. Kwano biyu ne na ƙwayoyin halitta, kowanne na zuba masa RNA, sinadarin da ke kai wa ƙwayar halitta umarni, mai saƙo iri ɗaya: a ƙera furotin mai ƙyallin kore. RNA na kwanon farko da uridin na asali na haɗa shi, wato ɗaya daga cikin tubala huɗu da ake gina RNA da su. Na biyu kuwa da sudo-uridin, wato uridin da aka ɗan sauya wa fasali, mai ƙarin ɗan guntun sinadari da ake kira metil, irin wanda Pfizer da Moderna suka sa a rigakafin korona.

Na kashe fitila, na leƙa madubin ƙara girma. A kwanon farko hasken jefi-jefi ne, wasu ƙwayoyin ma sun takure. Na biyu kore shar, gefe zuwa gefe. Alhamdulillahi! Makon jiya aikin kwana uku ya lalace mini, saboda na taɓa waya da safar hannu na koma kan kwalba. Sinadarin da ke cinye RNA yana nan a fatar kowa.

Abin da har yanzu yake ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar canjin. Uridin da sudo-uridin kayan gininsu ɗaya, nauyinsu ɗaya. Kowannensu zoben sinadari ne haɗe da sukari; zoben kawai aka juya, ya riƙe sukarin ta kabon maimakon ta naitirojin. Amma masu gadin jiki, waɗanda ke ɗaukar baƙon RNA a matsayin ƙwayar cuta, sai su sassauta masa. Katalin Karikó da Drew Weissman ne suka nuna haka a 2005 a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, aka ba su lambar yabo ta Nobel a 2023. Irin waɗannan gyare-gyare fiye da 170 aka gano a RNA, ni ɗaya kawai nake fama da shi.

Bayan la'asar na hau mota zuwa Makka wajen Goggo. Ta ɗora mini shayi, na nuna mata hoton a waya.

“Ɗan nan, wannan koren ne ya hana ka zuwa sati biyu?”

“Shi ne, Goggo. Irinsa ne a allurar da aka yi miki lokacin korona.”

Ta matso da wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. “To na ɗayan me ya same shi?”

“Kore shi suka yi, ba su yarda da shi ba.”

“Bai yi sallama ba ke nan,” in ji ta. Ta ce in turo mata hoton, za ta nuna wa maƙwabta.