Gwangwani takwas a wata: riƙon jaririyar da aka haifa ba aure

Duk gidan da aka yi haihuwa ba aure, shawarar farko da dangi ke kawowa ita ce a raba uwar da abin da ta haifa. A tura ta garin wata gwaggo har magana ta lafa, jaririn kuma a miƙa shi ga wata mai aure a cikin dangi, a ce ɗan riƙo ne. Haka manya suka yanke a gidanmu lokacin da ƙanwata ta haihu, ni aka bai wa yarinyar tun cibiyarta ba ta gama warkewa ba. A cikin duk waɗanda suka zauna suka yanke wannan hukunci babu wanda ya tambayi abin da jaririyar za ta sha. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin wannan shawarar ita ce mafi tsada a duk abin da ya biyo baya.

Ga lissafin, don kada wani ya ce ba a faɗa masa ba. Jariri yana buƙatar madara kamar mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 5 zai sha mililita 750 ke nan. Yawancin madarar jarirai ana zuba cokali ɗaya na cikin gwangwanin, wanda bai kai giram 5 ba, a ruwa mililita 30. A rana za a zuba cokali 25, giram ɗari da 'yan kai. Gwangwani mai giram 400 ba ya cika kwana huɗu. A wata gwangwani takwas, idan yaro ya ƙara nauyi ya doshi tara ko goma. Kafin ya cika wata shida ya shanye kusan kilo 20 na gari, wajen gwangwani 50 ke nan. Ki shiga kanti ki tambayi kuɗin guda ɗaya, ki ninka sau takwas, ki ajiye shi kusa da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan da ake shigowa da su ba su sake zama wuri ɗaya ba, madarar jarirai kuwa tana cikinsu. Sai ki sayi gwangwani yau, ki koma mako mai zuwa a ce miki ya tashi.

Kuma ba garin ne kaɗai ke cin kuɗi ba. Garin madara ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta, shi ya sa ake haɗa shi da ruwan da aka tafasa bai huce ƙasa da digiri 70 ba, wato kada ya wuce minti 30 da saukewa, sannan a sanyaya kafin a ba yaro. Abin da aka haɗa ya yi awa biyu a ɗaki zubarwa ake yi, balle a zafin Kano na watan Afrilu. Fida da murfinta da kan robar, kowane shayarwa sai an wanke an tafasa. Jariri sabon haihuwa yana sha sau takwas ko fiye a yini da dare. Gas ko gawayin da ke tafiya a nan, da sabulu, da filas ɗin da za a ajiye ruwa na dare, ba wanda ke sa su a lissafi sai mai yi. Duk wannan kuwa ga uwa can an ɓoye ta, nono ya cika mata ƙirji yana ciwo, ana ba ta magani don ya ƙafe.

Inda ake halaka yara shi ne ranar da kuɗi suka yanke. Mai riƙo za ta ga gwangwani ya kusa ƙarewa, sai ta rage cokali ta ƙara ruwa don ya kai ƙarshen mako. Yaro zai sha cikinsa ya cika, ya yi shiru, amma bai samu abin da jikinsa ke nema ba. A hankali sai rama, sai kuka marar ƙarfi. Wata kuma ta koma madarar shayi, ko ta fara ɗura kunu tun yaro bai kai wata uku ba. Madarar shayi ba a yi ta don jariri ba, hanjinsa kuma bai isa ɗaukar kunu ba. Daga nan sai gudawa, gudawa kuwa ita ce ƙofar tamowa. Idan ta zo, a fara ruwan gishiri da sukari na asibiti nan take, da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, a kuma kai yaro asibiti tun idonsa bai faɗa ba, tun maɗigarsa ba ta loɓa ba. Tamu ta yi gudawar duk da tafasa da wanki da nake yi ba dare ba rana. Yaron da ke shan nono ba ya yawan shiga wannan halin, domin nono yana zuwa da garkuwarsa, ba ya kuma bi ta ruwan rijiya ko na 'yan garuwa.

Bayan wannan ciwon ne na tsaya kai da fata a dawo da uwar. Hujjar kuɗi ba ta motsa manya ba, domin ba daga aljihunsu suke fita ba. Abin da ya motsa su addini ne. Na ce wa ƙanin mahaifiyarmu: "Kawu, matar nan Bagamidiya da ta je gaban Manzon Allah (SAW) da cikin zina, ai cewa ya yi ta koma sai ta haihu, da ta haihu ya ce ta je ta shayar da shi sai ta yaye shi. Mu da wace hujja muka cire wa wannan nono a baki?" Hadisin yana cikin Sahihu Muslim. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, ba ta kuma ware wani ɗa ba. Kawu ya yi shiru, daga baya shi da kansa ya aika a kawo ta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, nonon da ya ƙafe yana dawowa. Tsotso ne ke kawo shi, ba rubutu ko kunun kanwa ba. A riƙa sa yaro a nono sau takwas zuwa goma sha biyu a rana, har da cikin dare, ko da babu abin da ke fita. A daina fida gaba ɗaya a koma ƙaramin kofi, domin yaron da ya saba da kan roba mai zubowa da sauƙi ba ya son wahalar tsotso. Idan ya ƙi kama nonon da babu komai, sai a riƙa ɗiga madara da cokali a saman nonon tana gangarowa bakinsa yana tsotsa. Uwa ta kwana da shi, ta riƙa goya shi, fata na taɓa fata. Ba a yanke madarar gwangwani rana ɗaya. Ana ragewa kaɗan-kaɗan ana lura da fitsari, idan yana jiƙa kunzugu sau shida ko fiye a rana yana samun abin da ya ishe shi, a kuma riƙa kai shi awon nauyi. Wata nata yana dawowa cikin kwanaki, wata sai makonni, kuma ya fi sauƙi idan yaron bai wuce wata uku ba, rabuwar kuma ba ta daɗe ba. Na ƙanwata ya dawo amma bai taɓa isar yarinyar shi kaɗai ba, sai da muka ci gaba da haɗawa da gwangwani har ta fara cin abinci a wata shida. Da ba a raba su ba tun farko, ko gwangwani ɗaya ba za mu saya ba.

Ɓoyon ya fara cin mu tun kafin haihuwa. Yarinyar da ke ɗaure ciki da zane ba ta zuwa awo, ba a duba jininta, ba ta shan maganin ƙarin jini, ba a gane hawan jini sai ya kayar da ita. Haihuwa a ɗaki a asirce kuma tana sa a rasa rigakafin ranar haihuwa: allurar tarin fuka (BCG), ɗigon shan inna, da allurar ciwon hanta wadda ake so a yi cikin awa 24 na farko. Saura na mako 6, 10 da 14, sai na ƙyanda da shawara a wata 9. Kyauta ne a asibitin gwamnati, katin rigakafi kuma ba ya neman takardar aure. Haka rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, dokar 1992 ta ce a yi ta cikin kwana 60. A nan za a sami masu cewa a rubuta sunan mijin mai riƙo a matsayin uba. Kada a yarda. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta hana jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, ranar rabon gado kuma wannan takardar ce za ta haɗa yaron faɗa da 'ya'yan gidan, a tona abin da aka ɓoye a mafi munin lokaci.

Za a ce ina wanda ya yi cikin. Yana nan yana yawonsa, ya ma yi aure, an sha biki. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na arewa ke bi, ɗan da aka samu ta zina ba a danganta shi ga namijin, don haka babu ciyarwa ta dole a kansa, babu gado tsakaninsu. Akwai malamai irin su Ibn Taimiyya da suka ga ana iya danganta shi idan matar ba ta da aure shi kuma ya amsa, amma ba wannan ne ra'ayin mafi rinjaye ba. Sannan zuwa kotu yana da haɗarinsa ga macen. A Malikiyya ciki ba miji hujja ce a kanta, shi kuwa idan ya musa sai an kawo shaidu huɗu, ambaton sunansa ba shaidu kuma yana iya zama ƙazafi mai bulala 80. Kowa ya tuna Amina Lawal, wadda kotu a Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a 2002, sai a Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin. Wanda ta ambata ya rantse an sallame shi tun farko. Saboda haka kada kowa ya ruga kotu cikin fushi bai zauna da lauyan da ya san shari'ar Musulunci ba. Idan fyaɗe ne ko yarinyar ƙarama ce, wannan magana ce daban, asibiti da 'yan sanda ake nufa da gaggawa kafin shaida ta ɓace.

Abin da ya fi yiwuwa a samu shi ne sulhu, ta hannun mai unguwa, ko liman, ko Hisba a inda take. Idan iyayensa sun yarda za su taimaka, a rubuta: nawa ne, ran nawa ga wata, a hannun wa, har zuwa yaushe, shaidu su sa hannu. Alƙawarin baki na "za mu riƙa leƙowa" ba ya wuce wata biyu. Mu buhun masara muka gani da 'yan kuɗin da ba su kai na gwangwanin mako biyu ba, daga nan aka daina ɗaukar waya.

Tunda ba ta da gado ta wajen namiji, sai a yi mata tanadi ta inda shari'a ta buɗe. Tana gadon mahaifiyarta kamar kowane ɗa. Mai riƙo, ko kakan da yarinyar ba ta cikin magadansa, zai iya yi mata wasiyya har kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa. Zai iya yi mata kyauta yana raye, amma a Malikiyya kyauta ba ta tabbata sai an karɓe ta kafin mai bayarwa ya rasu, don haka fili ko tunkiya da aka ce "nata ne" a fitar da shi a damƙa da shaidu, a rubuta. Akwai kuma maganar muharramaka da ba a tunawa sai yarinya ta girma. Mijin inna ba muharraminta na dindindin ba ne, 'ya'yan inna maza ma haka. Idan innar tana shayarwa ta ba ta nono a cikin shekara biyun farko, ta zama 'yar gida ta shayarwa, a Malikiyya ko sau ɗaya ne matuƙar ya isa ciki. Ranar aurenta kuwa wanda ya yi cikin ba waliyyi ba ne, wanda ya raine ta ko alƙali ne zai tsaya.

Bakin mutane ban da maganinsa. An yanka mata rago an raɗa suna ranar bakwai ba taro, maƙwabtan da aka yi wannan ɓoyo dominsu kuwa sun riga sun sani tun ciki yana wata shida. Wata ta hana 'ya'yanta shigowa gidana. Wata ta ce "shegiya" a gabana tana dariya, na ce mata ta kawo min ayar da ta ɗora wa jaririya laifin da ba ta yi ba, tunda Alƙur'ani ya maimaita cewa babu rai da ke ɗaukar nauyin laifin wani. Sashe na 42(2) na kundin tsarin mulkin 1999 ma ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Ba na wanke abin da ƙanwata ta yi, ita ma ba ta wanke kanta ba. Amma tsoron wannan kalmar ne ke sa a tsinci jarirai a kwata da bola, shi ne kuma ya sa dattawa masu hankali suka cire jaririya daga nono suka miƙa ta ga gwangwani. Yanzu idan wata ta zo min a asirce da irin wannan magana, kafin mu kai ga batun namiji ko kotu ko suna, abin da nake fara tambaya shi ne ina uwar take kwana, kuma jaririn yana tare da ita ko an riga an raba su.