Daga Kano zuwa Abuja da jakar takardun Kanada

Jami'in da zai yanke hukunci kan izinin karatunka a Kanada ba kasafai yake ganin fuskarka ba. Takardu yake karantawa a kwamfuta, kai kuma duk abin da za ka faɗa masa sai dai takarda ta faɗa. Kafin a yanke hukunci, abu biyu ne kawai ba a aikawa ta intanet, gwajin likita da ɗaukar hoton yatsu, su ne kuma suka fitar da ni daga Kano, domin cibiyoyin ɗaukar yatsun suna Abuja da Legas.

Bayan sallar asuba na hau mota a Unguwa Uku. Jakar takarduna na kan cinyata, na ƙi yarda a sa ta a but duk da mitar kwandasta. Muka wuce Kwanar Dangora rana na ɗagowa, muka ratsa Zariya, hantsi ya yi mana a Kawo. Daga nan na ɗauki ɗan sahu zuwa Rigasa, tikitin jirgin ƙasa kuwa tun a gida na yanka ta waya da lambar NIN ɗina.

A jirgin na zauna kusa da wani dattijo mai farin gemu, wanda ya lura da yadda nake rungume da jakar. Da na gaya masa abin da ke tafe da ni sai ya gyara zama, ashe 'yarsa ta riga ta bi wannan hanyar.

"Yaro, wa ke ɗaukar nauyinka?"

"Kawuna ne, Baba. Ɗan kasuwa ne a Dawanau."

Ya yi dariya. "To ka sha aiki. Ɗan kasuwarmu ai kuɗinsa ba ya kwana a banki."

Gaskiya ya faɗa, nan ne ma aikin ya fi cin rai. Hukumar shige da ficen Kanada tana son ganin kuɗin makaranta na shekarar farko, da kuɗin jirgi, da kuɗin zama. Kuɗin zaman ya daɗe a dalar Kanada 10,000, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa 20,635, a Satumban 2025 kuma ya koma 22,895. Kawu yana da abin da ya fi haka, amma riɗi ne da zoɓo jibge a sito, da bashin da ke hannun abokan ciniki. Ranar da na fara yi masa bayani cewa ya yi, "Su aiko mutum ya zo ya ga sito mana." Ba za su aiko ba. Bayanan asusu na wata huɗun baya suke dubawa, kuma kuɗin da ya faɗo asusu dare ɗaya ba tare da bayani ba ya fi asusu mara nauyi jawo zargi, don an saba aro a zuba a cire.

Saboda haka sai da muka bi kowane babban kuɗi da ya shiga asusun Kawu muka nemo masa shaida: rasit ɗin cinikin riɗi, takardar rajistar kamfaninsa ta CAC, takardar biyan haraji. Ya rubuta wasiƙar ɗaukar nauyi, muka je kotu ya yi rantsuwa a kai. Sannan aka zo kan tambayar da a gida ba mai yi: me ya sa mutum zai kashe wannan dukiya kan ɗan da ba shi ya haifa ba? A wurinmu amsar a fili take, ɗan ƙanwarsa ne. A takarda kuwa sai da na haɗa shaidar haihuwata da takardar shekarun Inna da ta Kawu, don a ga uba ɗaya ne ya haife su. Ni dai a ganina jami'in bai yi laifi ba in ya tambaya, bai taɓa shiga gidanmu ba.

Dattijon ya sa na buɗe jakar, ya riƙa ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya yana riƙe su ta gefe kada ya ɓata. Ya duba takardar admishan, ya nemi lambar makarantar a jikinta, domin sai makarantar da gwamnati ta amince ta ɗauki ɗaliban waje ake karɓa, kuma tun Disamban 2023 makarantar da kanta ke tabbatar wa hukuma cewa takardar ba ta bogi ba ce. Ya ga wasiƙar lardi, wato shaidar cewa lardin da makarantar take ya ware mini gurbi, wadda aka ƙirƙiro a Janairun 2024 lokacin da Kanada ta ƙayyade yawan ɗaliban da za ta karɓa. Ya jera fasfo da sakamakon WAEC yana gwada rubutun sunana harafi da harafi. Daga ƙarshe ya duba ranar ƙarewar fasfon, ya ce ba sa ba da izinin da ya wuce wa'adinsa. Muna cikin haka jirgi ya tsaya a Kubwa, na yi masa sallama na sauka, shi ya wuce Idu.

A gidan yayata na sauka. Gwajin likitan a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na yi shi, don ba kowane likita suke karɓa ba, sai wanda ke cikin jerinsu. Aka ɗebi jini da fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, aka auna tsawo da nauyi da ƙarfin gani. Sakamakon su suke tura wa Kanada kai tsaye, ni wata 'yar takarda suka miƙo mini in ɗora cikin fayil. Wata 12 gwajin yake yi ya lalace, shi ya sa ba a gaggawar yin sa tun admishan bai fito ba.

Da daddare muka baje takardu a kan tabarma, mijin yayata na haska fitilar waya saboda an ɗauke wuta, ni ina ɗorawa. Wasiƙar bayanin kai ce ta ƙarshe: me ya sa wannan kwas, me ya sa Kanada, me zai dawo da ni gida. Yaya ta karanta ta ce, "Cire wannan yabon ƙasar tasu, sun san kansu. Faɗi aikin da za ka yi a Kano in ka gama." Na cire. Na biya dalar Kanada 150 na neman izini da 85 na yatsu, takardar umarnin ɗaukar yatsun ta shigo, ta ba ni kwana 30.

A cibiyar VFS, kamfanin da ke ɗaukar yatsu a madadin Kanada, abin bai ɗauki lokaci ba. Yatsu huɗu na dama a kan gilashi, huɗu na hagu, manyan biyu tare, sai hoto. Shekara 10 suke amfani da shi.

Komawa ta mota na yi, ta Zuba da gindin Dutsen Zuma. A Tafa muka tsaya cin abinci, Kawu ya kira yana tambaya ko sun ba ni. Na ce masa tukuna, in sun amince za su nemi fasfo su buga biza, su haɗo da wasiƙa, izinin karatun kansa kuma sai a filin jirgin Kanada ake miƙa wa mutum. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce in biyo ta kasuwa gobe, akwai rasit ɗin zoɓon da ya shigo jiya, in ajiye ko za su tambaya.