Abin da randa ta nuna mini

Farar shaddar da nake zuwa Juma'a da ita ce ta fara tona wa rijiyarmu asiri. Wanki uku kacal bayan mun tare a Wusasa, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa. Na hau mai wanki da faɗa, sai uwargida ta ce in bar yaron mutane, in je in leƙa randa. Ruwan da aka ɗebo jiya da yamma garau, ya kwana ya yi jaja-jaja, ga wani abu kamar tsatsa kwance a gindi.

Na nemo dattijon da ya haƙa rijiyar. Ya tsuguna, ya zana mini a ƙasa da tsinke. "Alhaji, ai ƙasar nan hawa-hawa ce. Jar ƙasa, sai marmara, sai laka, sai ruɓaɓɓen dutse mai ƙyalli wanda za ka murtsuke da hannu. Nan ruwa yake. In ka ji diga tana tartsatsi, to, ka sauka kan Kufena, sai ka fito."

Na ɗauka zolaya ce, ashe ilimi ne. Wani abokina da ya karanci ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello ya ce haka abin yake: irin dutsen nan na Kufena da muke hangowa daga ƙofar gida, shi da danginsa ne shimfiɗe a ƙarƙashin Zariya. Dutse ne mai tauri, ba ya shan ruwa kamar yashi. Ruwa yana maƙalewa ne a inda ya ruɓe, ko a tsagarsa. Shi ya sa maƙwabcina ya biya masu burtsatse kuɗi masu ciwo suka fito da ƙura zalla, alhali gida uku gaba ruwa na ambaliya. Wancan ya dace da tsaga, shi bai dace ba.

Jan da ke cikin randarmu kuwa sinadarin ƙarfe ne, wanda marmara da ruɓaɓɓen dutsen suke cike da shi. A can ƙasa, inda iska ba ta kaiwa, narke yake a ruwa, ido ba ya ganinsa. Da ya sha iska sai ya yi tsatsa ya kwanta. Yana ɓata tufafi da ɗanɗanon shayi, amma ba shi ne abin tsoro ba.

Kowace ƙasa da halin ruwanta. Surukina da ke Sakkwato, wajen Kalambaina inda ake haƙo farin dutsen siminti, butar shayinsa kullum cikinta fari fat, sabulu kuma sai ya ci rabi kafin ya yi kumfa. Namu na nan ba shi da wannan nauyin, kumfa sai ka gaji da ɗauraya. A Kaltungo da Langtang kuma, dutsen yana sakin wani sinadari a ruwa mai suna fuloraid, wanda in ya haura miligiram 1.5 a lita, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, yakan rina haƙoran yara. Shi ba ja, ba wari, ba ɗanɗano.

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Mu dai in ruwa ya yi garau, ba zartsi, shi ke nan mun yarda da shi. Rijiyoyinmu kuwa gajeru ne, tunda dutse ya tare hanya, kuma da damina ruwan yakan taso har guga ta taɓa shi da 'yar guntuwar igiya. Duk abin da ya tsiyaya daga sama, nan zai same shi.

Washegari na auna da ƙafa daga bakin rijiya zuwa ɗaya shaddar, ta bayan gida. Taku tara. Na cika gora biyu na kai ɗakin gwaji a Samaru, na ce a duba mini ƙwayoyin cuta da fuloraid da naitiret, wato sinadarin da kan tsiyayo daga shadda ya shiga ruwa. Kafin sakamako ya fito, na ce da uwargida a riƙa tafasa na sha.

Ta ce, "To, mai wankin fa? Ka ba shi haƙuri?"