Tarihin Rayuwata, Kashi na 3: Gonar da Kaka ya jinginar

A makon jiya na faɗa muku cewa a Bukuru aka yanke min cibiya, amma duk wanda ya tambayi mahaifina garinsu sai ya ce ƙasar Rano. Ina yaro abin yana ɗaure min kai, don ban taɓa ganin ya yi mako guda cur a can ba. Sai da na zauna da Gwaggo, yayar mahaifina, a shekarunta na ƙarshe, sannan na gane mafarin lamarin.

Kakanmu maƙeri ne ɗan maƙeri. Ya tashi yana yi wa mahaifinsa zuga, da rani su ƙera fartanya da garma da lauje, da damina su shiga gona kamar kowa. Gonar gado ce, ƙasa mai kyau, an kewaye iyakarta da gamba, akwai ɗorawa biyu a tsakiya. A zamanin Sarkin Kano Abbas aka fara turo malamai suna auna gonaki da taki, wato takun ƙafa, don yanka haraji, kuma Turawa sun fi son a biya da sule da kwabo, ba da wuri ko hatsi ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mutane suka ruɗe da noman gyaɗa. Ana cikin haka ruwa ya ɗauke a daminar 1913, shekarar da ta biyo baya aka shiga yunwar da ake kira Kakalaba.

Gwaggo ba ta taɓa ba da labarin yunwar nan muryarta ba ta canja ba, alhali ba a haife ta ba a lokacin. Daga bakin mahaifiyarta ta ji. Mahaifin Kaka ya rasu, ƙannensa biyu suka bi. Ba mai sayen fartanya, don ba mai ƙarfin ɗaga ta. Da ya ga sauran iyalin za su ƙare, sai ya je gaban dagaci tare da wani mai hali na ƙauyen, ya jinginar da gonar a kan dami shida na gero da kuɗin harajin shekarar. An matsa masa ya sayar gaba ɗaya a ƙara masa hatsi. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, jingina ce, a shaida. Kabarin ubana bai bushe ba." Saurayin da yunwa ke cin cikinsa ya iya faɗin haka! Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Ya bar mahaifiyarsa wajen danginta, ya ɗaure masaba da awartaki da zugazugi a buzu, ya bi ayarin masu neman aiki zuwa inda ake haƙar kuza. Da ƙafa ya je. Uwar maƙera kaɗai ya bari, ita ma nauyi ne ya hana.

Bukuru ta karɓe shi don ta fi buƙatar maƙeri fiye da lebura. Dubban mutane ke sara ƙasa da diga, suna kwasa da shebur, suna ɗauka a kwanon sarki, kuma dutsen wurin yana dakusar da ƙarfe. Kaka ya kafa rumfa kusa da barikin leburori, yana gyaran baki da ƙota. A nan ya daina amfani da ƙarfen tama, ya koma tsofaffin ƙarafan reluwe da na injinan kamfani, waɗanda ƙaramin jirgin ƙasa mai tasowa daga Zariya ke kawowa. Abin da ya fi wahalar da shi sanyi ne, Gwaggo ta ce har tsufansa a bakin wuta yake kwana in hunturu ya shigo. Ya yi aure, ya sami fili ya gina ɗaki uku. Wani manomi Berom ya ba shi aron gona a bayan gari, shi kuma duk shekara ya kai masa sabuwar garma da gishiri. Sama da shekara ashirin yana nomanta, bai taɓa kiranta tasa ba.

Shekarar da aka naɗa Sarki Abdullahi Bayero, wato 1926, kuza na da daraja, aiki ya yi yawa. Kaka ya kwance asusunsa ya nufi gida, Gwaggo tana goye. Dagacin ya rasu, wanda aka jinginar wa gonar ma ya rasu, 'ya'yansa suka ce su dai sun tashi sun ga gonar ubansu. Babu takarda ko ƙyalle. Dokar ƙasa ta 1910 ta riga ta sa filayen Arewa a hannun Gwamna, amma a ƙauye ba wanda ke maganarta, shaida ake tambaya. Aka je gaban alƙali. Sai ga wani tsoho, makaho ma, an jawo shi da sanda, ya ce yana zaune a ranar, ya maimaita maganar kabarin nan kalma da kalma. Alƙali ya ce a ƙiyasta geron da kuɗi a biya, gona ta koma ga mai ita.

Kaka ya biya, ya zagaya iyakar da ƙafarsa, ya yi alwala ya yi nafila a gindin ɗorawa. Kwana tara ya yi, ya damƙa noman a hannun ɗan baffansa, ya dawo Bukuru. Bai sake zama a Rano ba har ya koma ga Allah. Sai dai duk kaka buhun dawa na zuwa daga can, kuma ba ya yarda a haɗa ta da ta kasuwa a rumbu ɗaya. Na riski buhun nan ina ƙarami, na ci tuwonsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo muku zamanin diban gwamna na 1942, wato kwasar mutane aikin dole, da daren da Kaka ya ga jikan mutumin nan da ya jinginar wa gonar a cikin mutanen da aka kawo aikin kuza na tilas.