Igiyar da muka jawo a Pine Creek

Asabar, farkon Yuni. Springdale, kudancin jihar Yuta, Amurka.

Tafin hannuna na dama yana raɗaɗi inda igiya ta goge shi, kuma har yanzu akwai yashi a cikin kunnena. Barci nake ji sosai, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi.

Da na idar da asuba na kira gida. Awa bakwai ne tsakaninmu, su suna shirin azahar. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, yau zan sauka wani kwazazzabo da igiya, a sa mu a addu'a." Baba ya shafe shekaru yana haƙar rijiya da yasarta a ƙauyukan ƙasar Daura kafin gwiwa ta ajiye shi, don haka bai damu da tambayar zurfin wurin ba. Abin da ya ce shi ne, "Wa zai tsaya muku a baki?"

Na ce babu kowa, Baba. Dukanmu za mu sauka, in na ƙarshe ya dira sai mu jawo igiyar ta biyo mu.

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "To ta ina za ku fito?" Na ce ta ƙasa, hanyar da ruwa ke bi. Ya ce, "Allah ya fito da ku lafiya. Ka riƙa duba sama."

Mu huɗu ne. Akwai abokiyar karatuna a sashen nazarin duwatsu, da mijinta, da wani dattijo maƙwabcinsu wanda ya fara shiga waɗannan wurare tun shekarun 1980. Shi ne jagoranmu, ba don kuɗi ba, don sha'awa. Jiya muka karɓi takardar izini a ofishin gandun daji na Zion, inda kwazazzabon Pine Creek da za mu shiga yake, saboda ba a shiga kwazazzabon da ke buƙatar igiya sai da ita. A nan ma'aikatan ke liƙa hasashen ambaliya na ranar, kuma na yau ya nuna ba a sa ran ruwa. Duk da haka dattijon ya tsaya a bakin mota ya daɗe yana kallon gabas kafin ya ce mu tafi.

Hanyar tana hawa tana lanƙwasa har ta shige ramin da aka huda a cikin dutse, wanda aka buɗe a 1930, tsawonsa kusan kilomita biyu. Da mun fito ta ɗaya bakin muka ajiye mota. Rana ta fara zafi, amma muka sa rigar roba mai kauri irin ta masu ninƙaya, da hular kwano, da ɗamarar da ake maƙala igiya. Muka gangara ƙarƙashin gada. Motoci na wucewa a bisa kanmu, mu kuwa ga bangon dutse biyu suna matsowa kusa da juna har mutum ya iya dafa su duka da hannuwansa.

Wannan dutse shi na zo karanta a ƙasar nan, amma yau ne na shiga cikinsa. Dutsen yashi ne da ake kira Nabaho. Kimanin shekara miliyan 180 da suka wuce, tudun rairayi ne a nan, sahara guda mai faɗi irin ta Tenere, iska tana kwasa tana jibgewa. Daga baya rairayin ya danne ya daskare, kaurinsa a Zion ya haura mita 600. In ka kai fuskarka kusa da bangon za ka ga layuka a karkace, kowane layi gangaren wani tudu ne da iska ta shimfiɗa. In ka murza da yatsa, ƙwayoyin yashi za su biyo ka. Laushin nan shi ya sa ruwan ambaliya, da tsakuwar da yake ɗauke da ita, ke yanka shi ƙasa kamar zarto, ya yi zurfi ba tare da ya buɗe ba.

A sauka ta farko ni ne na uku. Na zura igiya a ƙarfen da ke rage gudu, dattijon ya duba ƙullina sau biyu, na juya baya na jingina da iska. Na dira cikin ruwa har ƙirji. Sanyinsa ya ɗauke mini numfashi, ruwa ne da rana ba ta taɓa shi. Dattijon ya sauko a ƙarshe, ya warware, sannan ya miƙo mini gefe ɗaya na igiyar ya ce tunda yau ne farkona, ni zan ja.

Na ja. Da farko da nauyi, sai ta yi sauƙi, sai bakinta ya zare daga zoben da ke sama ya faɗo cikin ruwa, fal. Na ɗaga kai. Bango ne sumul, babu abin kamawa. Daga wannan lokacin hanya ɗaya ta rage mana. Tambayar Baba ta dawo mini. Shi duk rijiyar da ya shiga akwai mutane a baki riƙe da igiya, in ya girgiza ta za a jawo shi. Mu mun naɗe tamu mun sa a jaka.

Amma ni akwai takardar bayanin hanya a aljihuna, a cikin leda. Ta gaya mini sauka nawa ne a gaba, wace ce mafi tsawo, igiyar mita 60 za ta isa, kuma a ina za mu fita. Yayin da muke tafiya cikin ruwa nake tambayar dattijon waɗanda suka fara, lokacin da babu wannan takarda.

Ya ce shiga kwazazzabai ba sabon abu ba ne. Mutanen farko na wannan ƙasa sun sassaƙa matakala a jikin dutse a wurare da dama, 'yan ramuka na sa yatsun ƙafa da hannu, har yau ana ganinsu. Nan take na tuna ramukan da Baba ke yi a bangon rijiya don taka ƙafa. A 1872 wani masanin duwatsu, Grove Karl Gilbert, ya ratsa matsatsin kogin Virgin da ke cikin Zion, shi ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau. Amma waɗannan duk wurare ne da za ka iya juyawa ka koma. Abin da ya canza a ƙarshen shekarun 1970 shi ne wasu 'yan tsirarun mahaya duwatsu suka fara shiga ta sama, suna jawo igiya a bayansu.

Sunayen da ya ambata na riƙe su. Dennis Turville, mai ɗaukar hoto, da Mike Bogart, da Mary Dern, su uku suka fara ratsa kwazazzabon Imlay a 1978. Kwazazzabon Heaps kuwa, wanda ake yi wa kallon mafi wuya a Zion, Turville da Bogart suka share fagensa a 1981, sannan Norman Harding da Royce Trapier suka ratsa shi a 1982. Ƙarshen Heaps sauka ce ta kusan mita 90, mutum yana lilo a iska ba ya taɓa bango, har ya dira kusa da tafkin Emerald na sama inda 'yan yawon buɗe ido ke zama. A 1981 ɗin nan kuma Bogart da Jenny Hall suka ratsa kwazazzabon Poe, can gabas, wurin da har yanzu ƙwararru ke shakkarsa. Na ji daɗin jin sunayen mata a cikin na farko, abokiyar karatuna ma ta sa ya maimaita su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda suka shiga. Taswirar da suke da ita ta nuna tudu da kwari, amma tsagin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ko biyu ba, layi ne kawai a takarda. Sai su bi ta gefen sama suna leƙawa, abin da ido ya gani ya gani, sauran duhu ne. Kayan aikinsu na hawan dutse ne, ba don ruwa aka yi su ba, igiya ta sha ruwa ta yi nauyi. In babu gungume ko dutsen da za a ɗaura igiya, sai mutum ya huda bango da hannu, guduma da matsoni, yana rawar sanyi, ya kafa ƙusa. Kowace igiya suka jawo, ba su san ko saukar da ke gaba ta fi igiyarsu tsawo ba.

Sannan akwai randa. Haka na sa mata suna a raina: rami ne zagayayye da ruwa ya murza a dutse, cikinsa ya fi bakinsa faɗi. In ya cika, sai ka yi iyo ka haye. In ruwan ya ja baya, bakin ya fi ƙarfin hannunka, ƙafarka kuma ba ta taɓa ƙasa, bangon sumul kamar an shafa mai. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Imlay da Heaps cike suke da irin waɗannan. Dabarun fita duk a cikin wahala aka koye su: wani ya taka kafaɗar wani, ko a cika jaka da yashi a ɗaura mata igiya a wurga ta ƙetare baki ta zama abin ja, ko a huda ɗan rami a maƙala ƙugiya. Na Pine Creek yau a cike suke, iyo kawai muka yi. Duk da haka da na sa hannu a bakin ɗaya na ji santsinsa, jikina ya gane abin da ake faɗa.

Wurin da ba zan manta ba shi ne saukar da suke kwatantawa da babban ɗakin ibada. Ka taho ta wani ɗan lungu, ka juya baya, sai ƙasa ta ɓace, kana saukowa ta tsakiyar wani ɗaki mai rufin dutse, da baka biyu da ruwa ya huda a gefe. Haske yana shigowa ta sama, ya bugi bango ya koma wani bangon, har ya zama ja kamar garwashi. Na tsaya a tsakiyar igiya na ce Subhanallahi, muryata ta zagaya ta dawo. Na yi tunanin mutumin da ya fara ganin ɗakin nan, babu wanda ya ba shi labari, babu hoton da ya riga ya gani.

Bayan nan sai duhu. Wani dogon lungu ne da sama ta koma zare ɗaya, wani wurin ma babu ita. Haƙorana suna haɗuwa. A nan dattijon ya haska fitila sama ya nuna mini gungumen itace maƙale tsakanin bango biyu, can sama da kanmu nesa. Ruwa ne ya ajiye shi.

A gida mun san wannan. Gari bai ga ɗigo ba, sai a ce gulbi ya kawo, ruwan wani wuri ne ya iso. A nan abin ya fi muni, domin dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya zuba a faɗin tudu ta wannan tsagi zai bi. Ranar 12 ga Agusta 1997 mutum 11 suka rasu a kwazazzabon Antelope da ke Arizona, alhali hadarin can nesa ya zuba. Ranar 14 ga Satumba 2015 mutum 7 suka rasu a kwazazzabon Keyhole, nan kusa a kan wannan hanyar, kuma ruwan Keyhole ta Pine Creek yake wucewa. Babu wanda ya yi magana a cikinmu har muka fita daga lungun.

Sauka ta ƙarshe kimanin mita 30 ce, a iska. A bakinta na durƙusa ina jiran layi, domin akwai wata tawaga a gabanmu, sai na ga tsagogi a jikin dutsen, zurfinsu ya shanye yatsana. Igiyoyi ne suka ci shi, ja bayan ja, shekara da shekaru. Dattijon ya ga ina shafawa, ya ce wannan na cikin dalilin da ya sa na farkon ba su yaɗa abin da suka gano ba. Sun riƙe wurarensu a tsakaninsu. Jama'a sun fara sani ne da littattafan jagora suka fito, irin na Michael Kelsey tun daga 1986, sai kuma intanet ta buɗe komai. A 1999 Rich Carlson ya kafa ƙungiyar koyar da wannan fanni a Amurka. Har yau ana jayayya a kan ƙusa: a Zion an saba da ita, amma a wasu yankunan Yuta mutane sun fi son su wuce ba su bar komai ba, har da jakar yashi da ake ɗaura igiya, in an gama a zazzage ta daga ƙasa a jawo.

Da farko na ɗauki ɓoyon nasu a matsayin rowa, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana. Da yatsana ya shiga tsagin nan na fahimce su, ƙauna ce ta sa su yin shiru. Amma ban bi su duka ba. A Yulin 1993 manya biyu da ke jagorantar wasu matasa sun nutse a kwazazzabon Kolob, cikin ruwan da aka saki daga madatsar da ke sama, sauran suka yi kwanaki a maƙale kafin a ceto su. Mutane za su shiga ko an faɗa musu ko ba a faɗa ba. A sana'ar Baba ba a ɓoye rijiya, amma ba a barin yaro ya sauka sai ya daɗe yana jan guga a baki yana kallo. Abin da dattijon nan ya yi mini yau ke nan, ya duba ƙullina a kowace sauka, bai gaji ba.

Na sauko ina juyawa a hankali, igiya tana zafi a hannuna, har ƙafata ta taɓa ƙasa kusa da wani ɗan marmaro. Muka cire rigunan roba. Na yi alwala a wurin, na yi azahar a kan wani faffaɗan dutse da rana ta gasa, ɗuminsa yana shiga gwiwoyina. Daga nan fiye da awa guda muka yi muna tsallake manyan duwatsu kafin mu hau titi.

Yanzu igiyar tana rataye a baranda tana ɗiga, takardar kuma na shanya ta a kan tebur, gefenta ya jiƙe. Can gida dare ya raba, Baba yana barci. In na yi asuba zan kira shi in ce mun fito ta ƙasa, in ba shi labarin randa, in kuma tambaye shi abin da ban taɓa tambayarsa ba: ranar da ya fara sauka, wa ya riƙe masa igiya.